Inna, Ranar da Muka Raba Abin Kunnen Hadiza

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa da girmamawa daga 'yarki Rakiya, tare da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, makwancinki ya yi haske.

Na rubuto ne in nemi izini. Akwai maganar da kika ɗaure min baki a kai, yau ina so ki kwance ni.

Kin tuna ranar da na zo Hamdara daga Damagaram, ana cikin ɓarar gyaɗa? Tun ban ajiye jaka ba Kawu ya ja ni bayan rumbu. Ya ce rami ya rufta a wurin haƙar zinariya can arewa, inda autanki Lawali yake, kuma har yanzu ba a san wa ya fita wa ya rage ba. Ya ce in na kuskura kika ji, da wannan hawan jinin naki, ni da shi ne. Na ce to.

Da hantsi saƙon murya ya shigo wayata daga lambar Lawali. Inna, kin san abin da muka sani a garin nan: idan mutum ya mutu a can, abokinsa ne ke ɗaukar wayarsa ya sanar. Na dubi saƙon, ban buɗe ba.

Wayar tawa kuma kin san halinta. Tun da ta faɗa ruwan wanki ta daina magana a hankali, sai dai ta kwartsa kowa ya ji. Ɗakinmu katangar zana ce, kunnenki kuma har motsin kaza a maƙwabta yana kamawa. A waje ga mata sun yi cirko-cirko a bakin rijiya, ɗaya ta ji, kururuwa ta riga ni shiga gida.

Sai na leƙa gidan Kawu na ari abin kunnen Hadiza, 'yarsa, na sauraron waya, wannan marar igiya da ta sayo a kasuwar Damagaram take ji da shi kamar ɗan fari. Na dunƙule su biyun da ɗan gidansu a hannu na dawo. Ina shirin wucewa ɗaki kika kira ni, kika ce in zauna in taya ki, gyaɗa ba ta ɓare kanta. Na zauna kusa da ke a tabarma, na ja hijabi na rufe kunnuwana.

Ina sa su sai kiɗan biki ya cika min kai. Ashe abin bai san ni ba, uwar ɗakinsa ya sani. Yana nan manne da wayar Hadiza ta bayan katanga, ita kuma tana can tana kallon bikin wata. Ƙanena wataƙila yana ƙarƙashin ƙasa, ni kuma ana buga min kalangu a kunne. Ban taɓa jin haushin kiɗa irin na ranar ba.

Na rubuta mata ta kashe bulutut ɗinta, abin ya rabu da wayarta. Ta amsa cewa in mayar da su cikin ɗan gidansu, in danne maɓallin baya har fitilar ta fara ƙiftawa, sannan in nemi sunansu a wayata. Duk wannan da hannu ɗaya na yi a ƙarƙashin hijabi, ɗaya hannun yana ɓarar gyaɗa don kada ki lura. Yatsana yana zamewa saboda gumi. Wayar ta yi ta juyi tana nema, ta kawo sunan rediyon mai shago, ta kawo wani suna da ban sani ba, nasu bai fito ba. Na sake dannawa. Na sake.

Da sunan ya fito kuma sai wani tsoro ya kama ni. In na danna saƙon, haɗin ya tsinke, wayar nan za ta faɗa miki komai da ƙarfin muryarta a tsakar gida. Na riƙe yatsa a sama, na kasa saukewa.

Ba ki ɗago kai daga faifai ba kika ce, "Abin nan biyu ne, ko? Ba ni ɗaya."

Na fara kame-kame, wai aikin lakkal ne, darasin makaranta nake saurare. Kika ce Kawu ya gaishe ki da safe, ya dawo ya sake gaishe ki, mutumin da sai Juma'a ake ganinsa. Kika ce ni kuma tun ɗazu ɓawo nake zubawa a kwano, gyaɗar a ƙasa. Kika miƙo hannu. Inna, ban taɓa iya mayar da hannunki wofi ba. Ni da kaina na ɗaga kallabinki na sa miki, kika ce yana da sanyi.

Na danna. Murya ce ta wani da ba mu sani ba. Bawan Allah nan ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya ce a gaida Kawu da iyalinsa. Da yana kusa da na shaƙe shi. Ke kuwa leɓɓanki suna motsi, kina amsa masa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, hannunki ya damƙe wuyan hannuna har sai da ya bar shaida.

Can ya ce, ga shi nan, ku ji daga bakinsa. Sai muryar Lawali, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya tashi daga barci. "Yaya, ina da rai. Ƙafa ɗaya ce ba ta tsira ba. Don Allah kar ki gaya wa Inna."

Hawaye ya gangaro miki, ba ki share ba. Sannan kika cire abin, kika goge shi da bakin zane, kika sa min a tafi, kika ce, "Ki ce masa ban ji ba."

Haka na faɗa masa. Duk kiran da ya yi bayan nan yana ce miki aiki ne ya riƙe shi, kina ce masa ya yi a hankali, Allah ya ba da sa'a. In kin ajiye wayar sai ki shiga ɗaki ki jawo ƙofa. Kika rasu kafin ya warke ya iso.

Yanzu yana gida da sandarsa, ya buɗe ɗan shagon gyaran waya. Amma jiya na same shi yana kuka kamar yaro. Ya ce abin da ke cinsa shi ne ƙarya ce maganarsa ta ƙarshe da ke, kuma kin tafi ba ki yi wa ƙafarsa addu'a ko sau ɗaya ba. Na ciji leɓe na fito. Na gaji, Inna. Ba zan iya ci gaba da kallonsa haka ba, alhali ni na ji ki kowace asuba kina kiran sunansa a kan sallaya.

Ki yafe min, yau zan ce masa kin ji.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sanyaya zuciyar Lawali, ya haɗa mu da ke a Aljanna.

Taki har kullum,
Rakiya