Burtalin Bappa a Cikin Makintosh

Gumel, 3 ga Maris, 1998

Safara'u 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan karatun kwamfuta na tafiya. Ubanki, Injiniya Haladu mai aji huɗu na firamare, ya yi ɓarna.

Kin san kwamfutocinmu biyu na ofishin makiyaya: Windo ta gwamnati, wadda firinta ke jikinta, da tsohuwar Makintosh da mutanen Damagaram suka ara mana. Makintosh ta haɗiye mini faifai, na nemi maɓallin fito da shi, babu. Sai na sa mata wuƙar yankan farce. Faifan ya fito, amma tun ranar ba ta ƙara karɓar wani ba.

A cikinta ne na buga bayanin marigayi Bappa, tsohon makiyayin nan: burtalin shanu daga Maigatari zuwa Gagarawa, rijiya rijiya, tsamiya tsamiya, shafi ɗari da arba'in. Bayan salla za a zauna a Sule Tankarkar kan gonakin da suka cinye burtalin, kuma na yi wa matarsa Inna A'i alkawarin kai takardar. Littafin da na rubuta da hannu? Na ba mai ƙosai, don na ce mun shiga zamani.

Na haɗa kwamfutocin biyu da waya don in tura bayanin cikin Windo in fitar a firinta, koriyar fitila na ci nan da can, amma kowacce kanta kawai take gani. Ranar ashirin za a zo ɗaukar Makintosh. Ki taimaki tsoho.

Naki,
Baba

Kano, 7 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, a gaida Umma. Na nuna wa malaminmu, Malam Ephraim, wasiƙarka. Ya ce wayar lafiyarta ƙalau, yarensu ne ba ɗaya ba: Windo na kira da nata, Makintosh na sauraro da nata. Sai an sa wa Makintosh wani shiri da zai yi tafinta. Yana da shi, amma a faifai yake, kuma ta bakin da ka fasa ne kawai zai shiga.

Baba, don Allah ka bar wayar nan. Ka zauna gaban Makintosh da biro ka kwafe. Shafi goma sha ɗaya kullum ya ishe ka. Ka fara yau.

'Yarka,
Safara'u

Gumel, 16 ga Maris

Safara'u,

Gaisuwa mai yawa. Direba Ubale ya kawo wasiƙarki ranar takwas, na karanta, na ce yarinya ce. Ni da na gaya wa duk ofis zan sa kwamfutocin nan magana, a gan ni da biro kamar malamin haraji?

Kwana bakwai na yi ina fama da su. Na juya wayar kai da gindi. Na ba su suna ɗaya. Na matso da su har suna taɓa juna. Makintosh ta yi ta rubuto mini Faransanci, na kawo wani ɗan canji daga Maigatari ya karanta. Ya ce cewa take ba ta ga kowa ba. Na ce wannan ai ni ma na gani.

Jiya Inna A'i ta zo da ƙwaryar nono. Ta ce, “Malam Haladu, maganar tsohon tana nan?” Na ce tana nan daram. Ta ce, “To nuna mini.” Na nuna mata gilashin Makintosh, ta shafa shi da hannu, ta tafi. Nonon na kasa sha.

Na ɗauki biro. Sai dai janareto awa biyu ake kunnawa, idona kuma kin san shi.

Babanki

Gumel, 21 ga Maris

Safara'u,

Ina gaishe ki. Sun ɗauke Makintosh jiya, kuma daga Damagaram an ce wani gari za a wuce da ita. Shafi talatin da ɗaya na samu. Burtalin ya tsaya a rijiyar Cindo, ko rabin hanya bai kai ba.

Saura ɗari da tara Inna A'i ke bina. Gobe zan hau keke in bi rugage, ko akwai tsohon da ya tuna. An ce saura biyu, ɗaya ba ya ji.

Kada ki gaya wa Malam Ephraim.

Naki,
Baba