Gwangwani Biyu a Shagon Tambuwal

Zuwa ga ƙanena Dikko,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ni nan Ikko lahiya lau. Dakon siminti nika yi. Bayana na ɗan ciwo, amma kada ka gaya ma Inna.

Na ji gwangwanin shagonmu ya cika ranar kasuwa, har ka sayi rediyo. Madalla! Sai dai cikar gwangwani ba riba ba ce. Kuɗin sukarin da ya bar kanta ne, su za su sawo wani. Ka aje gwangwani biyu, uwar kuɗi daban, riba daban. Cefanen Inna daga na riba.

Rediyon kuwa riƙe abinka. Tunda da kuɗin sukari ka saye ta, ɗora ta gurbin sukari, kada kanta ta yi kunya kafin in aiko da kuɗin wani.

Allah shi yi albarka.

Yayanka,
Gidaɗo