Ragon Alhaji Mannir

Bungudu, bayan Babbar Sallah

Zuwa ga 'yata Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma aiki lafiya. Da hannuna na rubuto, tunda ke kika matsa na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ki yi haƙuri da karkatar layin.

Ban gaya miki ba da kika zo, ragon da muka yanka ba kawunki ya saya ba. Wani Alhaji Mannir ne ya aiko shi daga Tsafe, ya ce don darajar marigayi babanki. Na soya cinyar daban, na zuba a kwanona, na ba Idris direba ya kai wa maigidanki na ofis, Malam Abdulrasheed. Na ce ya faɗa masa sunan mai ragon don ya sa masa albarka, domin abin kunya ne a ci naman mutum ba a ambace shi ba.

Kwana biyu ba kya ɗaukar waya, hankalina bai kwanta ba. Allah ya tsare.

Innarki, Zuwaira

*

Gusau

Inna,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa.

Aikina a banki shi ne bincikar duk mai son sayar mana da kaya, in tabbatar ba macuci ba ne, kuma kuɗinsa ba na haram ba ne. Alhaji Mannir yana neman kwangilar kawo mana man janareto. Kafin Sallah na ce kada a ba shi, saboda ba a san tushen kuɗin da ke shiga asusunsa ba. Bai taɓa sanin Baba ba.

Dokar aikinmu ta hana ni da iyalina karɓar ko goro daga irinsu. Idris kuwa a gaban kowa ya isar da saƙonki. An dakatar da ni, an ce na ci rago sannan na riƙe takardunsa don a ƙara mini. Kwamiti zai zauna.

Ki huta lafiya.

Muzdalifa

*

Bungudu

'Yata,

Bayan gaisuwa, sau uku na karanta takardarki, na yi fatan da ban iya karatun ba.

Na sayar da 'yan kunnena, na sayi rago da ya fi nasa, na kai Tsafe. Ya bar ni a zaure har la'asar. Da ya fito sai ya ce, "Hajiya, ai ba a mayar da layya. Ko naman ne bai yi daɗi ba?" Yaransa suna ta dariya. Na dawo da ragon, yana nan ɗaure a tsakar gida, ko kallonsa ba na iya yi.

Ki bar ni in zo gaban kwamitin nan, in dafa Alƙur'ani in ce ba ki sani ba. Shi Malam Abdulrasheed fa, ya ƙi naman ne? Ki yafe mini.

Innarki

*

Gusau

Inna,

Ina gaisuwa. Kada ki zo, sun zauna jiya, sun sallame ni. An ba Alhaji kwangilar, Malam Abdulrasheed ne ya sa hannu.

Kin tambayi naman. Malam ɗin ya aiko masinja ya dawo mini da kwanonki, a wanke. Zan taho da shi ranar Juma'a. Ki sayar da ragon, ki sa a share mini ɗakin baya.

Sai na zo.

Muzdalifa