Baba, Na Canja wa Kekenka Firam

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ɗa ga uba, tare da fatan kabarinka na cike da haske. Mutanen gida duk lafiya. Na san masu bibiyar rubutuna suna leƙen wannan takarda ta bayan kafaɗata, to su leƙa, da kai nake magana.

Baba, kekenka ya tsage. Keken tseren nan da ka sayo a Ƙonni, mai kai kamar ƙahon rago, wanda ka ɗaura wa ƙararrawa duk gari na yi maka dariya. Ina dawowa daga Kalmalo na ji wani ƙas a ƙarƙashin sirdi. Sau biyu mai walda ya liƙe wurin, a na uku ya ce in ji tsoron Allah in bar ƙarfen nan ya huta.

Ka san ba yawo nake yi da shi ba. Kai ka bar mini hanyar Kalmalo, kowace Juma'a in kai wa yayarka Gwaggo Hajo fura in gaishe ta. Idonta ya tafi gaba ɗaya yanzu, da ƙararrawar nan take gane ni tun daga bakin tabki. Juma'a uku ban je ba. Da na aika mata fura a babur, sai ta mayar da ita, wai ba ta san wannan ƙarar ba, kuma ba ta sha. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Sai na tafi wurin Malam Isa mai gyaran keke, abokin gardamarka. Ya fito mini da firam, wato gangar jikin keke, guda biyu na gwanjo. Ɗaya na alminiyom ne, ja wur, kana ɗaga shi da yatsa biyu. Ɗayan na ƙarfe ne, siriri, fentinsa duk ya koɗe. Ba zan ɓoye maka ba, jan nan ya tafi da hankalina. Har wurin mahauta na kai su muka ɗora a sikelin nama, mutane suka taru suna tambaya ko tsiren keke za a yi. Na ƙarfen ya fi nauyi da kusan kilo guda. Na fara hango kaina ina wuce samari a kan kwalta, ni da furfurata.

Malam Isa ne ya tuna mini gwajinka. Ka tuna yadda kake yi in za ka sayi keke? Ka cika kwanon sha da fura har baki, ba murfi, ka rataye shi a kan keken, ka bi hanyar da ta fi kowace gargada, ka dawo ka auna da yatsa. Kullum kana cewa abin da keke ya yi wa fura, shi zai yi wa ƙugunka in ka tsufa. Lokacin ina ganin neman magana ce kawai. Yanzu da nake tashi daga tabarma da dabara, na daina gani haka.

Kwana biyu muka yi ana kwance tayu da sarƙa ana ɗaurawa, Malam Isa na mita, wai ɗa ya gaji uba har da wahalar da mutane. Na fara da jan. A kan kwalta, Baba, iska ne. Amma ina sauka hanyar Lafani sai haƙorana suka fara haɗuwa, kowace tsakuwa sai na ji ta a gadon bayana. Na dawo fura ta wanke mini wando da takalmi, saura gaɓar yatsa ɗaya a gindin kwano. Bafillatanar da muka sayi furar a wurinta ta riƙe haɓa, ta ce in dai ƙasa za mu shayar, ita ba ta ƙara sayar mana.

Da ƙyar muka lallashe ta kashegari. Na ƙarfen bai da zafin tashi, sai ka danna feda da gaske kafin ya yarda. Amma yana shanye gargada a jikinsa, ba ya miƙo maka ita. Na je na dawo, abin da ya zube bai kai ludayi ba. Sauran na shanye a tsaye, ta ce to, yanzu na yi hankali.

Shi na ɗauka. Na bar wa samari jan, su da ƙugunsu ke sabo. Na mayar da sirdinka da ya lotsa daidai zamanka, da kan nan mai ƙaho, da ƙararrawa. Tsohon firam ɗin kuma na hana masu sayen ƙarfe, yana rataye a zaure inda kake jingine shi. Na ji nauyin raba ka da shi, ka yafe mini.

Juma'ar da ta wuce na kama hanya. Tun daga bakin tabki na fara kaɗa ƙararrawa. Ina shiga na same ta a bakin ƙofa, ta riga ta lallaɓo da sandarta, fuskar nan duk murmushi. Ta ce, “Auta, kai na? Mi ya tsai da kai?” Sunan da take kiranka da shi ke nan, Baba. Ban gyara mata ba. Na durƙusa na ce ni ne, na miƙa mata kwanon. Ta sa yatsa ta ji shi cike, ta kafa kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka samu hanya mai laushi zuwa Aljanna. Ya bar mana Gwaggo, Ya bar mini ƙafafun da zan riƙa kai mata.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru, Illela