Na Saya wa Inna Waya, Ƙauye Ya Ce Na Yar da Ita

Malama Najaha, don Allah a agaza mini da shawara, abin ya fara hana ni sakewa a kasuwa.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Matameye, rake da albasa nake lodi zuwa Damagaram. Ba yabon kai ba, babu wanda ya ba ni jari. A kwaleji karatuna ya tsaya, amma yau ina da motocin kaina, kuma da gumina na saye su. Duk harkata yanzu ta waya ce. A biya ni ta waya, in biya manoma ta waya, na daina ɗaura kuɗi a ƙugu.

Matsalar Innata ce, tana ƙauyenmu wajen Tsauni. Tun da na fara samu, wani dattijo mai kabu-kabu, Shekara, shi ke kai mata saƙona duk ran kasuwa. Shekara kuwa Allah ya ba shi murya. Tun daga bakin rijiya yake shelar saƙon Alhaji ya iso, kafin ya kai ƙofa rabin unguwa ta sani. Ya zauna ya sha fura, ya ba ta labarin jikokinta, har da ƙarin gishirinsa. Amma da damina hanya kan yanke, ta kwana ba cefane. Shi ya sa na saya mata waya mai kyau, na buɗe mata asusu, na sallami Shekara da alheri. Har ƙara abin da nake aika mata na yi.

Malama, ko taɓa kuɗin ba ta yi ba. Wayar tana cikin kwalla, an naɗe ta a tsumma. Ƙanwata Fadila ta ce Inna ta rantse ba za ta je rumfar cire kuɗi ta faɗa wa sa'an jikanta lambar sirrinta ba, ga shi saƙon ma da Faransanci yake zuwa. Ta koma suyar ƙuli-ƙuli tana sayarwa. Yanzu magana ta cika ƙauye wai na yi arziki na yar da uwata. Har wani manomi ya ƙi sayar mini da rake a kan haka, ni da ban taɓa barin ta ta nema ba. In koma tsohon yayi kamar wanda bai waye ba, ko in ƙyale ta har ta saba?

Mai Rake, Matameye

Alhaji Mai Rake,

Kana da gaskiya. Waya ta fi sauri, ruwan sama ba ya tsare ta, ba a kuma tare ta a hanya. Kada ka rufe asusun.

Amma Inna ma ba taurin kai take yi ba. Kai kuɗi kake miƙa wa Shekara, ita kuwa baƙo take karɓa, da labarin jikoki, da shaidar maƙwabta cewa ɗanta yana tunawa da ita. Duk wannan ka ɗauke rana ɗaya ba ka shawarce ta ba, ka bar mata rubutun da ba ta iya karantawa. Ƙin faɗa wa baƙo lambar sirri kuwa hankali ne, ba ƙauyanci ba.

Ran kasuwa mai zuwa ka bar wa ma'aikatanka rumfa, ka ɗebi yara ka tafi da kanka. Ka zauna a tabarmarta ka ba ta haƙuri. Sannan ku je wurin cire kuɗin tare, ta zaɓi lambar da za ta iya riƙewa, ta danna da yatsanta, ta ga kuɗin a tafin hannunta. Fadila ta riƙa karanta mata saƙo. Duk lokacin da za ka tura, ka kira ta tukuna ta ji daga bakinka. Shekara kuma a maido shi, ko da goro da sukari kawai zai riƙa kaiwa, don muryar nan tasa aiki take yi maka.

Na lura surutun ƙauye ya fi ci maka rai fiye da tsohuwa a gaban kasko. Ka fara da tsohuwar. Ranar da maƙwabta suka jiyo dariyarta ta katanga, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Allah ya ƙara buɗi, ya ja da ran Inna. In ka je, ka ce ina gaishe ta.

Malama Najaha