Sirrin 'yata ya zama roƙon addu'a

Salama gare ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku yanke mini hukunci.

Ni Kirista ce, ina sana'ar bandar kifi a Wara. 'Yata shekararta goma sha shida, tana cikin mawaƙan cocinmu, tana kuma ajin baftisma. Da hutu ita da ƙawarta suka shiga jirgin ruwa zuwa tungar kakanta, wanda har yau addinin gargajiya yake bi. Aka yi yanka a wurin tsafi, tsoho ya miƙo mata nama da hannunsa, ta ji nauyinsa ta ci. Abin ya dame ta, ta same ni ina juya kifi ta ce, "Inna, ki yi min alkawari magana ta tsaya tsakaninmu." Na yi mata.

Na yi mata faɗa, amma sai na ga kamar bai isa ba. Na je wurin shugabar zumuntar matan cocinmu, aminiyata tun muna 'yan mata, in ji irin horon da ya dace. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba, ɗiyarki ai ɗiyata ce, ba mai ji." Ranar taron zumunta ina zaune matar nan ta miƙe ta mai da maganar roƙon addu'a, har da suna. Wannan addu'a ce ko tallar mutum? Kafin Lahadi dattawan coci sun ji. Aka cire yarinyar daga mawaƙa, aka ɗage baftismarta, aka mai da ita bencin baya. Da na tunkari matar, ko kunya babu ta ce aikin Ubangiji ta yi. Har yanzu in na gan ta zuciyata tafasa take yi.

Ga abin da ke cin raina: 'yata ta ɗauka ƙawarta ce ta tona, ta daina yi mata magana, ni kuma na yi gum. Yanzu ta ce za ta koma wurin kakanta, shi dai bai tozarta ta ba. Jiya ta kwantar da kai a cinyata ta ce, "Inna, don ke kaɗai nike zaune garin ga, ke ce ba ki ci amanata ba."

In na faɗa mata gaskiya za ta shiga jirgi. In na yi shiru, 'yar mutane ke ɗauke da laifina. Me zan yi?