Ƙanena Yana So In Ƙera Masa Bindiga

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni maƙeri ne a wani ƙauye ta wajen Shanono, fartanya da garma na gada. Tun da 'yan bindiga suka hana mu gonakin nesa kasuwata ta mutu, wata rana ko zugazugi ba na taɓawa. Yanzu masu zuwa maƙerata abu ɗaya suke tambaya, wata gajeriyar bindiga mai cin harsashin fistol. Su ce kada ta yi nauyi, kada ta doki kafaɗa, kuma ta ɓuya cikin riga. Ni da ko ta toka ban taɓa haɗawa ba, wai ai ƙarfe duk ƙarfe ne.

Na kori kowa, sai ga ƙanena Nababa. An sace matarsa Larai tun lokacin kaka, har yau shiru. Ya durƙusa gabana yana kuka, wai in ƙera masa irinta. Washegari kuma wani baƙo, wanda ba wanda ya san garinsu, ya zo da irin wannan bayani sak. In na ƙi, na rasa ɗan'uwa, don ya daina gaishe ni. In na yi, ban san ƙirjin wa za ta kalla ba. Wallahi na gaji da duniyar.

Maƙeri mai baƙin ciki

Malam Maƙeri, Allah Ya kuɓutar da Larai. Nababa ba mugu ba ne, wuta ce ke cin zuciyarsa, kuma neman kare gida ba abin zargi ba ne. Amma kada ka ƙera. Doka ta hana, kuma bindigar ɗan koyo takan fara da mai riƙonta. In ka yi wa ƙanenka, da wane baki za ka hana baƙon? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ka ja Nababa ku je gaban dagaci, a sa shi cikin 'yan sintirin da hukuma ta sani, ka kuma ba da labarin baƙon nan. Ka hura wutarka ka ƙera sakata da ƙyauren ƙarfe, garinku na bukata. Ba zan ruɗe ka ba, wataƙila ya daɗe bai gaishe ka ba. Ka jure, gabar mai rai tana ƙarewa. Allah Ya sa Larai ta dawo ta tarar da mijinta da ransa.